Batir da Eriya: Tarihin Rediyon Oba-oba da Sana'ar Gano Cutarsa

Rediyon hannu mai karɓar magana da aika ta, wanda aka fi sani a ƙasar Hausa da sunan oba-oba, ya daɗe da zama abin da ido ya saba gani a ƙugun ɗan sanda da kafaɗar soja da hannun mai gadi, amma tarihinsa duka bai cika shekara ɗari ba, kuma kusan kowane mataki na wannan tarihi an taka shi ne wajen neman maganin matsala guda, wato yadda za a tara wutar da za ta ishi tura murya ta cikin iska a mazubin da mutum ɗaya zai iya ɗauka. Kowane irin wannan rediyo sassa biyu ne a jiki ɗaya. Akwai sashen karɓa, wanda ke tsinto igiyar rediyo daga iska ya mayar da ita murya, akwai kuma sashen aikawa, wanda ke ɗora muryar mai magana a kan igiyar da shi da kansa yake samarwa sannan ya cilla ta waje ta eriya. Sashen farko wuta kaɗan yake ci, na biyu kuwa yana iya cin ninkinta ashirin ko talatin, kuma daga wannan rashin daidaito ne mafi yawan cututtukan na'urar suka samo asali. Rediyon da batirinsa ya gaji yakan ci gaba da jin kowa sarai, mai riƙe da shi ya sakankance lafiyarsa ƙalau, alhali tuni muryarsa ta daina isa ko'ina. Sana'ar kula da oba-oba, tun daga sojojin sigina na Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa masu gyara na wannan zamani, a kan koyon gane wannan yaudara ta ginu.

Kafin a samu rediyon da za a riƙe a hannu, sai da aka samu batirin da ba ya zubar da ruwa. A shekarar 1866 wani injiniya Bafaranshe mai suna Georges Leclanché ya haɗa batir da ƙarfen zinki da sandar kabon da wani ruwan gishiri, bayan kimanin shekara ashirin kuma Carl Gassner na Jamus ya mayar da ruwan ya zama kwaɓi mai kauri da ba ya tsiyaya, wanda shi ne kakan busasshen batirin da ake sa wa tocila har yau. Sai dai rediyon shekarun 1920 da 1930 da bawul yake aiki, wato wani ƙwai na gilashi mai kama da ƙwan fitila wanda aka zuƙe iskar cikinsa, kuma bawul ba ya aiki sai an ba shi wuta iri biyu: ƙarama da za ta gasa siririyar wayar da ke cikinsa har ta yi ja, da babba mai ƙarfin bolt 90 ko fiye da za ta ja lantarki ya ratsa shi. Saboda haka kowane rediyo batir biyu yake bukata, kuma mutuwar ɗaya ta isa ta tsayar da aikin duka. Abin lura ne cewa kamfanin Galvin na birnin Shikago, wanda aka kafa a 1928 kuma ya koma amsa sunan Motorola a 1947, da wata na'ura ya fara kasuwanci wadda aikinta shi ne raba rediyon gida da batir ta hanyar ba shi lantarkin soket. 'Yan sanda ma da suka fara amfani da rediyo a mota suka girka shi, domin mota ce ke da babban batir da injin da ke cika shi: rundunar birnin Detroit ta fara aika saƙo ga motocinta a 1928 ba tare da motocin sun iya mayar da amsa ba, sai a 1933 ta garin Bayonne da ke jihar New Jersey ta samu tsarin da kowane ɓangare ke iya magana.

Ana jayayya a kan wanda ya fara ƙera rediyon ɗauka a jiki, kuma sunaye biyu ne suka fi fitowa: Donald Hings, wanda ya haɗa nasa a 1937 don ma'aikatan wani kamfanin haƙar ma'adinai da ke aiki a dazuzzukan yammacin Kanada, da Alfred Gross, wanda ke nasa gwaje-gwajen a Amurka a daidai wannan lokaci. Yaƙi ne dai ya fitar da abin daga hannun ɗaiɗaikun masu ƙirƙira ya danƙa shi ga dubban mutane.

A 1940 injiniyoyin Galvin ƙarƙashin Donald Mitchell suka fito da rediyon da rundunar sojan Amurka ta sa wa lamba SCR-536, wanda shi ne na farko da ya yi kama da oba-obar da aka sani yau: dogon akwati da ake karawa a kunne da baki kamar kan wayar tarho, da madanni a gefe wanda ake matsawa a yi magana, a saki a saurara. Nauyinsa da batir kilo 2.3 ne, bawul biyar ne a cikinsa, kuma an ƙera kimanin guda 130,000 kafin yaƙin ya ƙare. Batiransa biyu, ƙarami mai bolt 1.5 don gasa bawul da dogo mai bolt 103.5 don babbar wuta, su suka cinye babban kaso na cikin akwatin, amma duk da haka ƙarfin da yake fitarwa bai kai rabin wat ba, muryarsa ba ta cika wuce kilomita ɗaya da rabi a kan tudu ba, a cikin kurmi kuwa takan tsaya a 'yan ɗaruruwan taku, kuma batiran ba sa wuce aikin yini guda. Ba a yi masa makunni na daban ba, domin zaro eriyarsa mai tsawon kimanin santimita 100 shi ne kunna shi, mayar da ita kuma shi ne kashewa. Wannan dabara ta cancanci yabo fiye da yadda akan yi mata, saboda ta toshe ƙofar kurakurai biyu da har yau suke kashe rediyo: barinsa a kunne cikin jaka ya shanye batir, da matsa madannin magana alhali eriya ba ta miƙe ba.

Ɗan'uwansa da ya fi shi girman jiki, SCR-300, a baya ake goya shi, kuma aikin Daniel Noble ne da abokansa, ciki har da Henryk Magnuski, injiniya ɗan ƙasar Folan. Noble ya riga ya gina wa 'yan sandan jihar Connecticut tsarin sadarwa da hanyar FM, wadda Edwin Armstrong ya yi wa rajista a 1933. Bambancin wannan hanya da ta AM, wadda ƙaramin rediyon ke amfani da ita, shi ne AM tana ɗora murya ne ta sauya ƙarfin igiyar, ita kuwa FM ta sauya saurin kaɗawarta, kuma da yake ƙarar tsawa da tartsatsin injunan motoci a kan ƙarfin igiya suke hawa, sai FM ta tsira daga yawancin hayaniyar. SCR-300 yana aiki tsakanin megahaz 40 da 48, megahaz ɗaya kuwa shi ne kaɗawa miliyan ɗaya a daƙiƙa, yana da bawul 18, muryarsa tana kai kimanin kilomita 5, kuma nauyinsa tsakanin kilo 15 ne da 17 gwargwadon batirin da aka sa masa, domin babban batirin shi kaɗai ya kusa kilo 7. Sojan da ke goye da shi, a haƙiƙa, kusan rabin kayansa batir ne. A jikinsa akwai kuma matoshin shuu, wato da'irar da ke rufe lasifika idan babu mai magana don kada ƙarar iska ta dami kunne, kuma tare da ita wata sabuwar cuta ta shigo, domin idan aka matse matoshin da yawa yakan toshe har da muryar abokin aiki da ke nesa, a ɗauka shi ne rediyonsa ya lalace.

Fagen yaƙin ƙasashen zafi ne ya tona asirin busasshen batir. Sinadaran da ke cikin batir ba sa daina aiki don an ajiye shi, kuma zafi yana hanzarta su, ta yadda batiran zinki da kabon da aka loda a jirgin ruwa daga Amurka sukan isa tsibiran tekun Fasifik sun zubar da kaso mai yawa na ƙarfinsu tun ba a kwance su daga kwali ba, laima kuma ta sa maƙalan ƙarfe tsatsa, fumfuna ta bi wayoyin cikin rediyo, har sai da aka koma shafa wa kayan wani fenti na musamman mai hana danshi shiga. A 1942 Samuel Ruben ya ƙirƙiro batir mai amfani da zaiba da zinki, wanda ke jure zafi da daɗewa a ajiye kuma yake riƙe ƙarfinsa na bolt 1.35 kusan har zuwa ƙarshen rayuwarsa, kamfanin Mallory kuma ya ƙera wa sojoji shi da yawan gaske. Wannan kamfani ne daga baya ya haifar da sunan Duracell. Sojojin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, waɗanda Hausawa da masu jin Hausa suke da yawa a cikinsu, sun ɗanɗana wannan matsala ta wata fuska. A kwarin Kaladan a 1944 ta jirgin sama ake jefo wa runduna ta 81 abinci da harsasai, ta rediyo ake neman jirgin a kuma faɗa masa inda zai sauke kaya, rediyon da batiransa da ƙananan injunan cajinsu kuwa a ka 'yan dako na rundunar suke ɗauke da su suna hawa tsaunuka. A irin wannan hali abincin bataliya guda yana rataye da lafiyar batir.

A wannan zamani ne aikin gano cutar rediyo ya zama sana'a mai ƙa'ida. Rundunar sojan Amurka ta kasa gyaran kayanta hawa biyar, daga sojan da ke riƙe da na'urar, zuwa makanikin rukuninsa, har zuwa babbar ma'aikata da ke can bayan fagen daga, kuma kowane hawa an iyakance masa abin da zai taɓa. Mai riƙe da rediyo aikinsa sauya batir ne da goge maƙalai da duba eriya da igiyar abin magana. Buɗe cikin na'urar da sauya bawul da daidaita ta a kan tasharta aikin na sama da shi ne. Daga wannan tsari aka gaji hanyar da masu gyara suke bi har yanzu, wato a fara daga waje a shiga ciki, a fara da abin da ya fi saurin lalacewa ya kuma fi sauƙin sauyawa kafin a zargi abin da ke ɓoye. Babban makamin wannan hanya shi ne musanye: a cire batirin da ake zargi a sa wanda aka tabbatar da lafiyarsa, idan cutar ta tafi an gano ta, idan ta zauna a yi wa eriya haka, sannan abin magana, abu ɗaya a kowane karo don kada a rasa sanin wanne ne ya kawo sauƙin. Hanyar ba ta bukatar ilimin lantarki mai zurfi, kuma wannan shi ne ƙarfinta, domin an tsara ta ne don matashin da aka ɗauko daga gona aka ba shi horon 'yan makonni, kuma ta hana a riƙa kwasar rediyoyi masu lafiya ana kai su ma'aikata saboda tsatsa a bakin batir.

Ba kowane shiru ba ne laifin batir, kuma yaƙin Arnhem na ƙasar Holan a watan Satumban 1944 ya zama darasin da ake koyarwa a kan haka. An sauke sojojin lema na Birtaniya fiye da kilomita 10 daga gadar da aka tura su kamawa, tazarar da ta zarce abin da yawancin rediyoyinsu za su iya ratsawa ta cikin itatuwa da gine-gine, har kwamandansu Janar Roy Urquhart ya bar hedkwatarsa ya tafi neman rukunoninsa da kansa, aka datse shi a cikin gari fiye da yini guda ba a san inda yake ba. Faɗan da aka yi tsammanin zai ɗauki kwana biyu ko uku ya kai tara, cajin batir kuma ya zama wata wahalar a kan ta farko.

Sanyi ma yana da tasa ɓarnar, ko da yake ta saɓa da ta zafi: zafi yana tsufar da batir har abada, sanyi kuwa daskarar da shi yake na ɗan lokaci, domin sinadaran suna jinkirin aiki sai su kasa fitar da wutar da ke cikinsu. Sojojin da suka yi hunturun 1950 a tsaunukan Koriya sun ga batira suna mutuwa a hannunsu, kuma ayarin Birtaniya da ya hau tsaunin Everest a 1953 da rediyoyin kamfanin Pye a cikin tufafinsu suke ɗaura batiran don ɗumin jiki ya raya su.

Abin da ya sauke wa rediyo nauyin batir biyu shi ne taransista, ɗan ƙaramin abu na sinadari mai ƙarfi da aka ƙirƙira a ɗakunan binciken Bell a 1947, wanda ke yin aikin bawul ba tare da an gasa komai ba kuma ba ya bukatar babbar wuta. A 1962 Motorola ta fito da HT-200, rediyon hannu na taransista zalla mai nauyin gram 935, wanda ma'aikata suka riƙa kira bulo saboda siffarsa da taurinsa. A tsakiyar shekarun 1960 'yan sandan Birtaniya suka fara ɗaukar Pocketfone na kamfanin Pye, wanda aka raba gida biyu, abin karɓa daban a maƙale a ƙirji, abin aikawa daban a aljihu, kowanne da batirinsa, kuma zuwansa ne ya kawo ƙarshen rumfunan tarho da ɗan sanda kan je ya kira ofis daga cikinsu. A lokaci guda batir mai caji ya samu shiga. Waldemar Jungner na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro batirin nikel da kadmiyam tun 1899, amma sai bayan 1947, da aka gano yadda za a rufe shi ruf ba ya fitar da iska, ya dace da kayan hannu. Kowace ƙwaya ɗaya bolt 1.2 take bayarwa, akan jera shida a samu 7.2, kuma daga nan ofisoshin 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana da tashoshin jiragen ƙasa suka samu sabon kayan ɗaki, wato jeren mazaunan caji a bango, da sabon ma'aikaci mai kula da su.

A nan ne ya kamata a tsaya a fahimci ainihin yadda batir ke cutar da sashen aikawa, domin ita ce gaɓar da ta fi rikita masu amfani da oba-oba tun daga wancan lokaci. Masana'antar ta ɗauki wani ma'auni na yinin aiki da ake kira 5-5-90, wato kashi 5 cikin ɗari na lokaci ana magana, kashi 5 ana sauraro, kashi 90 rediyo yana jira a kunne. A aikin awa takwas wannan yana nufin minti 24 kacal na magana. Amma rediyo mai ƙarfin wat 5 yana jan amfiya ɗaya da rabi ko fiye idan aka matsa madanni, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana, alhali a zaman jira abin da yake ja bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba. Idan aka yi lissafi, waɗannan mintoci 24 sukan cinye kusan rabin abin da batirin ya kashe a yinin ko fiye. Kowane batir kuma yana da turjiyar ciki, wato cikas da jikinsa ke yi wa wutar da ke fita, wadda ke ƙaruwa da tsufa. Idan wutar da ake ja kaɗan ce turjiyar ba ta nuna kanta, amma idan ta kai om ɗaya, om kuwa shi ne ma'aunin turjiya, aka kuma ja amfiya ɗaya da rabi, bolt ɗaya da rabi ya salwanta a cikin batirin kansa, sai ƙarfin da ke isa rediyon ya faɗi ƙasa da abin da zai iya aiki da shi. Abin da mai riƙe da shi zai gani shi ne rediyo yana karɓa lafiya, da ya matsa madanni sai ya yi ƙara ya mutu ya sake kunnuwa, ko kuma muryarsa ta riƙa yankewa a wajen masu sauraro. Irin wannan batir kamar jakin da ke tafiya garau ne ba kaya, da an aza masa mangala sai ya durƙushe. Shi ya sa ma'aunin wuta da aka ɗora a bakin batir yana hutawa ba ya faɗar gaskiya, kuma ƙwararren mai gyara ba ya yanke hukunci sai ya auna shi yana ɗauke da nauyin aikawa. Tsatsa ko datti a kan maƙalan da ke haɗa batir da rediyo, ko wani ƙarfen maƙali da ya lanƙwashe ya daina matsewa, daidai wannan alama suke haifarwa, tun da su ma turjiya suke ƙarawa a kan hanyar wutar.

Zamanin kadmiyam ya bar wata al'ada da ta fi shi tsawon rai. An lura a taurarin ɗan Adam cewa batirin da ake sauke wa caji zuwa wuri ɗaya daidai sau ɗaruruwa yakan yi kamar ya manta da ragowar ƙarfinsa, sai labarin ya bazu cewa dole ne a shanye kowane batir ƙarƙaf kafin a caja shi. Mafi yawan abin da ma'aikata ke gani a ƙasa ba wannan ba ne, illar barin batir ne a kan caja dare da rana haɗe da tsufa, kuma shanye shi ƙarƙaf yakan sa ƙwayar da ta fi rauni a cikin shidan ta juye ta lalace gaba ɗaya. Manyan hukumomi sun fita daga wannan ruɗani ne da suka sayi na'urorin gwajin batir masu cika shi su sauke shi su faɗi ainihin abin da yake riƙewa, suka kuma ɗauki ƙa'idar rubuta ranar fara aiki a jikin kowane batir da yi masa ritaya idan ya faɗi ƙasa da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa na asali.

Eriya ita ce abar zargi ta biyu, kuma tsawonta ba ado ba ne. Eriya mafi sauƙi tana aiki ne idan tsawonta ya kai rubu'in tsawon igiyar da take aikawa, wato kimanin santimita 50 a megahaz 150 da kimanin santimita 17 a megahaz 450. Gajerar eriyar roba da aka saba gani waya ce da aka murɗa aka lulluɓe, an sadaukar da wani ɓangare na ƙarfinta don kada ta tsokane ido ko ta karye. Masu ɗaga rediyo ta eriya sukan tsinka wayar a cikin robar ba tare da wata alama ta fito waje ba, kuma da yake sashen karɓa yana iya jin muryoyi masu ƙarfi ko da guntuwar waya, ba a farga. Sashen aikawa kuwa ba ya yafe wannan, domin wutar da ta rasa hanyar fita komawa take kan taransistan ƙarshe mai ƙara ƙarfi, ta mayar da kanta zafi, a hankali ta ƙona shi. Haka ma idan aka ɗaura wa rediyon wani zangon megahaz eriyar wani zangon don kawai bakinsu ya zo ɗaya. A waɗannan zanguna igiya kusan miƙe take tafiya kamar haske, saboda haka mutum biyu da ke tsaye a fili ba safai suke wuce 'yan kilomitoci ba komai ƙarfin rediyonsu, kuma hawa tudu ko bene ya fi ninka wat amfani.

Wannan iyaka ce ta haifar da na'urar maimaitawa, wadda ake girkawa a kan dogon gini ko hasumiya tana karɓar murya a tasha ɗaya tana sake watsa ta da ƙarfi a wata. Tun farkon shekarun 1950 kuma aka fara haɗa murya da wani siririn sauti da kunne ba ya cika kamawa, tsakanin haz 67 da kimanin 250, wanda ke zama mabuɗi: rediyon da bai ji sautinsa ba ba zai buɗe lasifika ba. Da waɗannan biyu aka samu rukunin cututtuka da babu ruwansu da lalacewa, inda batir da eriya duk lafiya lau amma ba a jin mutum saboda sautinsa ko tashar aikawarsa ba su dace da na sauran ba. Manyan masifu biyu sun nuna nauyin wannan al'amari. A gobarar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta King's Cross a Landan ranar 18 ga Nuwamban 1987, wadda ta ci rayuka 31, rediyoyin 'yan sanda ba sa aiki a ƙarƙashin ƙasa, sai da jami'i ya hau sama kafin ya iya kiran agaji, kuma rahoton binciken da ya biyo baya ya nemi a gyara wannan giɓi. A birnin New York ranar 11 ga Satumban 2001, a harin da aka kai wa tagwayen dogayen hasumiyoyi, inda 'yan kwana-kwana 343 suka rasu, rediyoyin hannu sun sha wahalar ratsa benaye masu yawa na ƙarfe da kankare, kuma hukumar da ta binciki lamarin ta gano cewa na'urar maimaitawa ta ginin tana da madanni na biyu a kan babban abin maganarta wanda ke buɗe aikawa, ba a matsa shi ba a safiyar, sai shugabannin da ke hasumiyar arewa suka gwada, ba su ji juna ba, suka ɗauka na'urar ta mutu suka koma wasu tashoshi. Da yawa daga cikin waɗanda ke saman ginin ba su ji umarnin fita ta rediyo ba.

Batirin nikel mara kadmiyam ya shiga kasuwa a ƙarshen shekarun 1980, na litiyam kuma a 1991 ta hannun kamfanin Sony, kuma shi ne ya mamaye oba-obar yau, ƙwaya biyu masu bolt 3.7 kowacce. Ya fi na da sauƙin nauyi da yawan ƙarfi, ba ya bukatar a shanye shi kafin caji, amma ya zo da da'irar kariya da ke yanke wuta farat ɗaya idan ƙarfin ya faɗi, ta yadda rediyo kan mutu ba tare da dogon gargaɗin da tsofaffin batira ke bayarwa ba. Tsare-tsaren dijital irin su TETRA da DMR, masu mayar da murya lambobi kafin aikawa, su ma haka suke: maimakon murya ta riƙa dusashewa cikin shuu mai sauraro ya gane abokinsa yana nisa, sai ta tsaya tangaran har bakin iyaka sannan ta ɓace. Daga wajen 2012 kuma rediyoyi masu arha daga ƙasar Sin, irin su Baofeng UV-5R, suka cika kasuwannin duniya, suka kai oba-oba hannun 'yan sintiri da masu gadi da masu shirya taro, suka kuma sauya sana'ar gyara, domin yanzu kwamfuta da igiyar saita tashoshi sun fi ƙarfen narka dalma yawan aiki a teburin mai gyara, kuma batiran jabu masu ɗauke da lambobin ƙarfin da ba su da shi sun zama cuta mai zaman kanta.

A ƙasashen Sahel tsohuwar matsalar tsibiran Fasifik ce ta dawo da sabuwar riga. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Agadas zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya zarce 60, alhali masu ƙera batirin litiyam suna hana cajinsa sama da digiri 45, kuma babu abin da ke tsufar da shi kamar zama a cike cikin zafi. Ƙurar hunturu tana shiga ramin abin magana da bakin maƙalai, rashin tsayayyar wutar lantarki kuma yana sa a caja rabi da rabi ko a dogara da janareta mai hawa da sauka. Bukatar oba-oba kuwa ba ta ragu da zuwan wayar salula ba, kamar yadda aka gani lokacin da aka katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa a 2013 da kuma Zamfara a 2021, inda jami'an da ke bakin aiki suka rasa wayar da suka saba dogara da ita. Abin damuwa shi ne yadda hukumomi da ƙungiyoyi sukan ɗauki sayen oba-oba a matsayin kashe kuɗi na sau ɗaya, alhali batir kayan ƙarewa ne da ba ya cika wuce shekara biyu a aikin yau da kullum, a irin wannan yanayi ma yakan gaza haka, ta yadda rediyon da aka yi niyyar ya yi shekara goma zai ci batir biyar ko fiye kafin a ajiye shi, kuma kowane ɗaya daga cikinsu sai an tanadi kuɗinsa da wanda zai auna shi.